Da Ɗan Gari Akan Ci Gari: Batun Ƴar Kira da Harbin Tsuntsu a Gona

Jawabin kwamitin ƙungiya a taron bayan girbi, kamar yadda anka karanta shi gaban jama'a

Mai gari, Allah ya ja zamaninka. Liman, Allah ya gafarta malam. Sarkin Noma da Sarkin Baka, iyayenmu dattawa maza da mata, da ƴan'uwanmu ƴan bida, waɗanda sunka samu zuwa da waɗanda wagga takarda za ta iske a Yamai ko Abijan ko Kano ko Legas, muna gaishe ku da gajiya, muna kuma yi muku barka da kaka.

Tun cikin damana waɗansu samarinmu da ke waje sunka aiko wa kwamiti da shawara. Sun ce tsuntsaye sun dami iyayensu a gona, su kuwa sun gani cikin waya yadda Turawa ke jera kurciyoyi da hankaki na roba a fili, mutum ya ɓuya da bindiga, na gaskiya su taho su sauka, ya yi ta kaɗe su. Saboda haka sunka nemi a ɗebi kuɗi cikin asusun ƙungiya a sayi bindigogi da harsashi da irin waɗannan tsuntsaye na roba. Shawara ce ta ɗiya masu tausayin gida, mun kuwa gode musu. Amma kuɗin asusun nan gumi ne, na mai tura kura da na ɗan ga-ruwa da na mai shayi a bakin tasha, kuma da shi ake jiran gyaran rijiya da rufin ajin lakwal. Don haka ba mu yi gaggawa ba. Mun zauna da Sarkin Baka da maharbansa, mun zauna da masu noman rani, ga abin da munka samo.

A taƙaice, dabarar gaskiya ce, tana aiki, kuma ba baƙuwarmu ba ce. Sai dai tsuntsun da take jawowa ba shi ne ke cinye mana yawancin hatsi ba.

Mun ce ba baƙuwarmu ba ce, domin duk wanda ya yi wayo a ƙasar Adar ko ƙasar Ƙonni ya san shigar burtu. Yau in an ce wane ya yi wa wane shigar burtu, yaudara kawai yara ke fahimta, ba su san daga daji maganar ta fito ba. Maharbi kan samu kan burtu, ko ya sassaƙa itace ya rufe da fata, ya manna masa jajayen ƙwayoyin idon zakara, ya ɗaura a goshi. Sa'an nan ya yafa baƙin zane, ya durƙusa, ya riƙa rarrafe yana kaɗa kai yana saran ƙasa kamar burtu na kiwo. Barewa da gada da zabin daji sun saba da burtu, sun san ba ya cutarsu, don haka ba su gudu, har maharbi ya matso inda kibiya za ta kai. Irin waɗannan kawuna na kakanninmu suna nan ajiye a gidajen tarihi na ƙasashen Turai, mutane na biyan kuɗi su kalla. Mu kuwa a nan, burtun ma da wuya yaro ya ce ya taɓa ganinsa da rai.

Ban da burtu, akwai wadda kowane dattijo a wurin nan ya yi yana yaro. A kama kurciya guda, a ɗaura mata zare a ƙafa, a kafa turke kusa da masussuka ko bakin tabki, a shimfiɗa asuta kewaye da ita, a watsa ɗan tsaba, a koma gindin gawo a yi shiru. Kurciyar nan ita za mu riƙa kira ƴar kira cikin wanga jawabi, ko mai rai ce, ko ta laka, ko ta roba. Asirin abin ɗaya ne. Kurciya tsuntsuwar taro ce. In tana sama ba ta iya ganin ƙwayar dawa a ƙasa, abin da take gani shi ne ƴar'uwarta ta sunkuya tana ci hankali kwance. Wannan kaɗai ya gaya mata abu biyu, watau akwai abinci, kuma babu shaho. Da ɗan gari akan ci gari.

To, ga yadda masu abin ke yi, namu da na waje, domin da munka gwada bayanin Sarkin Baka da na Turawa sai munka iske kusan bakinsu ɗaya. Aiki na fari ba na bindiga ba ne, na ido ne. Kurciya da hasbiya suna da hanya a sama kamar yadda shanu ke da burtali a ƙasa. Daga itacen da sunka kwana, gawo ne ko bagaruwa ko giginya, su nufi wurin ci da sassafe, su nufi ruwa, rana ta yi zafi su shiga inuwa, la'asar su sake fitowa. Mutum zai ba da kwana ɗaya ko biyu yana zaune nesa yana kallo, har ya gane ta wace kusurwa suke shigowa gonar, wane itace suke fara sauka a kai su duba. Ƴar kira ba ta ɗauko tsuntsu daga wata unguwa. Wanda ke wucewa kan hanyarsa take karkato da shi. Wanda ya jera su inda babu hanya, zai wuni yana gadin laka.

Na biyu iska. Kowane tsuntsu yana fuskantar iska in zai sauka, haka kuma in zai tashi, kuma ko a ƙasa yawanci baki ga iska yake kiwo don kada ta hargitsa masa gashi. Da hunturu iskarmu daga gabas maso arewa take busowa, da damana kuwa ta juya ta fito daga yamma maso kudu. Saboda haka ƴan kira su fuskanci inda iskar ranar take fitowa, amma ba a jere kamar soja ba. Wata ta ɗan karkata dama, wata hagu, tsakaninsu taki ɗaya ko biyu. Goma ko goma sha biyu sun isa. Akan jera su siffar jinjirin wata, bakin jinjirin yana buɗe ta wajen da tsuntsu zai shigo, a bar fili a tsakiya. Cikin wanga fili zai nemi sauka, nan kuwa maharbi ke jiransa. Daga maɓoya zuwa filin kada ya wuce taki 25 ko 30. Abin da ya fi haka nisa, raunata tsuntsu kawai ake yi, ya tafi ya mutu a gonar wani, an yi hasarar harsashi an kuma ɗauki alhaki.

Maɓoyar kanta ba wani abu ba ce, kara ne ko tsohon zana a jingina jikin itace ko kunya, yadda ba za ta zama sabon abu a idon tsuntsu ba. Rana ta kasance bayan mutum in da hali. Farar riga da farar hula a bar su gida. Abin da ya fi korar tsuntsu shi ne motsi da ɗaga fuska sama tun yana nesa.

Yanzu batun roba. Mun tambayi maharba, me za a samu ga ta roba wanda babu ga ta laka? Sai rashin nauyi. Ban da wannan, ta laka ta fi. Roba sabuwa tana ƙyalli a rana, tsuntsu kuwa bai taɓa ganin ɗan'uwansa na walƙiya ba. In ta sha ranarmu wata biyu kuma ta koɗe ta tsage. Bayan haka kamannin kurciyar Turai anka yi mata, wadda ta fi hasbiya girma, da farin tabo a wuya. Iyayenmu mata masu ginin tukwane za su iya gina mana siffar kurciyarmu da hasbiyarmu da yumɓun da ke bayan gari, a gasa, a shafa toka da jar ƙasa. Gyartai ma zai iya yi da ɓawon duma. In kuwa an harbi ta fari, babu ƴar kiran da ta kai ta: a soka ɗan tsinke a ƙasa, a tokare mata haɓa, a gyara mata fiffike ta zauna kamar mai ci. Sai dai a lura, wadda ta faɗi rigingine a ɗauke ta nan da nan, gashin da ya watse kuma a tsince, in ba haka ba masu zuwa za su kauce tun daga nesa. Wanda ya ɗaure mai rai kuwa, ya ba ta ruwa, kada ya bar ta cikin rana ta wuce hantsi. Baiwar Allah ce, aiki take yi masa.

Hankaka shi maganarsa dabam ce, kuma a nan za mu ɗan daɗe, domin shi ne ya fi ba masu masara da gyaɗa da kankana haushi. Kurciya ba ta tono, abin da ke bisa ƙasa take tsinta. Hankaka kuwa yana bin layin shuka rami rami yana tonewa, in ta tsiro ya fizge tsiron don ya ci ƙwayar da ke gindi, ya huda kankana ɗaya ya bar ta ya koma wata. Iyayenmu mata kuma sun san abin da yake yi wa ƴan tsaki. Amma wayonsa ya fi na kurciya nesa ba kusa ba. Ba ya sauka sai ya kewaya, kuma sau da yawa akwai guda bisa itace yana tsaro. A wata jami'a ta birnin Siyatil a Amurka, tun daga 2006, wani masani mai suna John Marzluff da ɗalibansa sunka riƙa sa wata fuskar roba in za su kama hankakin ƙasarsu, waɗanda ƴan'uwan namu ne sai dai ba su da farin ƙirji. Shekaru bayan haka, duk wanda ya sa fuskar nan ya ratsa, sai hankaki su bi shi da tsawa, har da waɗanda ba a ƙyanƙyashe ba lokacin da anka yi kamun. Watau suna riƙe fuska, suna kuma koya wa ɗiyansu. Maharbanmu da sunka ji wanga labari dariya sunka yi, sunka ce ai sun daɗe da sanin hankaka na bambanta mai sanda da mai bindiga.

Saboda haka ƴar kira ba ta cin hankaka sau biyu a wuri guda. Ran fari za a samu biyu ko uku, ran na biyu ko inuwarsu ba a gani. Turawa kan kafa musu siffar mujiya, domin hankaki ba su ganin mujiya da rana su ƙyale, sai sun taru a kanta suna zagi. Mu ma mun san haka, shi ya sa in jama'a sun tsani mutum akan ce sun mai da shi mujiya. Amma ga abin da ya fi amfani ga manomi: mataccen hankakan nan da za ka tokare ya zauna ya kira ƴan'uwansa, in ka rataye shi ƙafa sama kai ƙasa bisa doguwar sanda a tsakiyar gona, korarsu yake yi. Guda ɗaya tak yakan tsare gona kwanakin da shuka ke bukata kafin ta yi ƙarfi, musamman in ana sauya masa wuri. Ko baƙin tsumma da farin ƙyalle anka ɗinka siffarsa anka rataye haka, yana yin wani abu. To, wanda nufinsa gyaɗarsa ta tsira, hankaka ɗaya ya ishe shi. Ba mu cin namansa, kuma shi ne ke kwashe mana mushe da fara da tsutsa bayan garma. Kashe ashirin ɓarna ce kawai.

Ina ne ƴar kira ke da amfani na gaskiya? Wurin masu noman rani. Gandarin Ƙonni, wanda anka gina a ƙarshen shekarun 1970 da farkon na 1980, hekta 2,452 ne, yana shan ruwan Majiya daga madatsun Mozage da Zango ta hanyar tabkin Cerasa. Ga na Galmi, ga fadamun Dogarawa da Gidan Idar da Tsarnawa, ga kwarin Badagishiri wajen Illela. Da rani, sa'ad da tudu duk ya bushe, waɗannan wurare ne kaɗai ke da ɗanye da ruwa da ƙwaya, don haka tsuntsun ƙasar duka can yake taruwa. Mai albasa ba ruwansa da kurciya. Amma wanda ya watsa alkama, ko ya shuka masara da dawar rani, kwana goman fari suna da hatsari gare shi, haka kuma in amfanin ya nuna yana jiran yanka, da lokacin da dami ke zube a masussuka. A irin waɗannan ƴan kwanaki, maharbi guda wanda ya san aikinsa, da ƴan kira goma, safiya biyu ko uku, yana iya sa garken kurciya ya sauya hanya. Abin da ake nema ke nan, su sauya hanya har iri ya tsiro. Ya kuma koma gida da na miya.

Amma jama'a, mu tambayi kanmu, wa ke cin hatsin tudu? In hatsi ya yi bununi ya fara ƙwaya, wa ke sa a fid da yaro daga aji cikin watan Oktoba a ɗora shi bisa rumfa da majajjawa da gwangwani tun asuba har faɗuwar rana? Ba kurciya ba ce, ba hankaka ba ne. Janbaki ne da ƴan'uwansa ƙananan tsuntsaye. Janbaki bai kai cikin tafin hannu ba, amma yakan zo dubu bisa dubu kamar hayaƙi, kuma abin da yake zubarwa ya kusa kai abin da yake ci. Ba ya bukatar a kira shi, ba ya kuma jin bindiga. Ka harba ka kashe goma, sauran su tashi su sauka a ƙarshen gonar. Ba don wasa ba ne ƙasashenmu sunka haɗu a 1965 sunka kafa hukumar OCLALAV mai mazauni a Dakar, don yaƙi da fara da tsuntsu, har da jiragen sama. Maganin janbaki a wurin kwanansa yake da wurin sheƙarsa. Wanda ya ga inda suke kwana, cikin ƙaya ko cikin kaba a bakin tabki, ya gaya wa Mai gari a ranar, a kai magana ga ma'aikatan gona masu kula da kare amfani. Namu kuma shi ne mu yi shuka tare mu yi girbi tare, domin gonar da ta riga kowa nuna, da wadda ta rage ita kaɗai bayan kowa ya yanke, su ne tuwon tsuntsu.

Su kansu Turawan da samarinmu sunka gani, sun taɓa gwada abin da ake neman mu yi. A Ingila gwamnati ta yi shekaru tana biya wa maharba wani kashi na kuɗin harsashi don su rage kurciyar dajinsu. Sai wani masani mai suna Murton da abokan aikinsa sunka yi shekaru suna ƙidayar tsuntsun a gonakin wajen Kambirij, sunka gano harbin bai rage yawansa ba. Waɗanda anka harbe, da ma yunwar sanyi za ta kashe kwatankwacinsu, kuma mutuwarsu ta bar wa saura abinci. A 1965 gwamnati ta daina biyan kuɗin. Abin da ya rage shi ne harbi kan ƴar kira a gonar da ake yi wa ɓarna, a lokacin da ake yin ta. In gwamnatin Ingila ta ga asusunta ba zai iya ƙarar da kurciya ba, ina ga namu?

Akwai kuma abin da hoton waya ba ya nunawa. Gonar Bature guda tana iya kai rabin gandarinmu, ba kowa a ciki sai shi da karensa. Mu kuwa a gandari fili kusa da fili ne, wani bai kai hekta ba, ga mai ban ruwa ya duƙa bayan masara, ga yarinya ta kawo fura, ga mata na yankan ciyawa a bakin hanyar ruwa, bayan girbi kuma ga Fulani da bisashensu cikin kara. Ƙwayar harsashi tana tafiya fiye da taki 200 kafin ta faɗi, ido kuwa ƙwaya ɗaya ta ishe shi. Bindigar maƙera, in an cika mata albarushi fiye da kima, kowa ya san wanda take fara ci. Har wa yau, mu mutanen bakin iyaka ne, kuma kun san halin da ake ciki a ƴan shekarun nan. Mutumin da anka hanga da asuba ya laɓe cikin kara da bindiga, ba kowa zai tsaya ya tambaye shi ko kurciya yake jira ba.

Sai tantabara. Wagga ita ce za ta fi kawo mana shari'a gaban Mai gari. Tantabarar gida ta fi ta daji saurin faɗa wa ƴar kira, domin ba ta tsoron mutum, kuma daga nesa wata ba ta da bambanci da hasbiya. Tantabara kuwa dukiya ce mai mai ita. Akwai tsofaffi a garin nan da kuɗin gishirinsu daga ƴan shila yake fitowa, akwai yaran da da ita suke sayen littafi. Wanda ya harbe ta, ko cikin gonarsa ne, ya ci haƙƙin maƙwabci sai ya biya. Mai tantabara shi ma a gaya masa ranar da za a watsa iri, ya tsare abinsa a gida da safe ya ba su dusa.

Ga kuma doka. A shekarun 1970 gwamnati ta rufe farauta a ƙasar nan, ta daɗe a rufe. Dokar da ta tsara ta daga baya ita ce mai lamba 98-07 ta ran 29 ga Afrilu 1998. Bisa gare ta ba a farauta sai da takardar izini, akwai kuwa izini na musamman don maharban gargajiya. Ta hana farautar dare, ta hana harbi daga cikin mota, ta hana sa wa daji wuta don korar nama, ta hana guba. Riƙe bindiga kansa yana da tasa takardar dabam daga hukuma. Ƙungiya ba ta iya sayen makami ta ajiye a ɗakin taro kowa ya zo ya ara kamar tabarma. Duk wanda zai yi wanga aiki, ya fara zuwa ofishin ma'aikatan gandun daji na Ƙonni ko Malbaza ko Illela, ya ji abin da anka yarda da lokacin da anka yarda.

Tun da mun ambaci guba, bari mu faɗi abin da ya fi bindiga tayar mana da hankali. An fara jin waɗansu na jiƙa tsaba cikin maganin ƙwari, irin su Furadan, su watsa a gefen gona. Wanga magani ƙasashen CILSS, har da tamu, sun hana shi tun 2015, amma yana shigowa ta kasuwannin iyaka. Shi ba ya zaɓe. Kurciya ta ci, zabin maƙwabci su ci, kaza ta ci, ungulu ta ci mushen ta bi su. Mafi muni, yara na tsintar matattun su gasa, wani ma ya kai tasha ya sayar. In ƴar kira za ta sa mutum ya bar wanga aiki, to ko don haka kaɗai ta cancanci a koya wa matasa ita. Kuma a ja wa yara kunne, tsuntsun da anka iske matacce ba a san abin da ya kashe shi ba, kada a taɓa. Ba mu manta da murar tsuntsaye da ta ɓulla a Magariya a 2006 ba.

Abu na ƙarshe da maharba sunka roƙa a faɗa shi ne lokaci. Kurciya ƙwai biyu take yi, uwa da uba ke karɓa-karɓa wajen kwanci, su biyun kuma ke ɗura wa ƴaƴa abinci daga maƙoshinsu. Wanda ya harbi guda lokacin sheƙa, uku ya kashe. Akwai kuma wata baƙuwar kurciya mai jan fiffike da zane-zanen baƙi da fari a gefen wuya, wadda ke ƙetaro Sahara daga Turai wajen kaka, ta yi rani a ƙasashenmu, ta koma kafin damana. Tun daga 1980 yawanta a Turai ya ragu da kusan kashi 80 cikin 100, har Faransa da Sifen da Fotugal sunka dakatar da harbinta a 2021, bayan haka kuwa ta fara farfaɗowa. Wagga a ƙyale ta, ƙwayar ciyawa ce yawancin abincinta. Kada wani ya ce tsuntsu ba ya ƙarewa. A Amurka an yi wata kurciya da garkenta ke rufe rana in yana wucewa, dubun miliyoyi. Da ƴar kira anka ci ta: a ɗinke wa guda ido, a ɗaure bisa sanda, a riƙa girgizawa, saura su sauko cikin raga, a cika jiragen ƙasa da namansu zuwa birane. Ta ƙarshe a duniya ta mutu a gidan namun daji na Sinsinati ran 1 ga Satumba 1914.

Saboda haka ga abin da kwamiti ke kawowa gaban Mai gari da jama'a. Ba za a taɓa asusu don bindiga ko harsashi ko tsuntsun roba ba. Manomin da ke son a tsare masa shuka ya je wurin Sarkin Baka, shi zai ba shi maharbi mai takarda, su shirya ladan tsakaninsu, kuma a sanar da maƙwabtan gona tun daren jiya. Ba harbi in akwai mutum ko dabba a gaban bindiga komai nisa, ba harbi kusa da gari ko rijiya, ba yaro a maɓoya sai tare da babba. Ƴan kira na laka za a ba iyayenmu masu tukwane aikinsu, mai so ya saya da kuɗinsa. Ƴan'uwa na waje da ke da niyyar taimako, ku aiko da igiya da raga ta rufe rumbu da masussuka, ko ku ɗauki nauyin ladan babban mutum guda da zai yi tsaron tsuntsu a gonar gidanku makonnin nan na kaka, don ƙanenku ya zauna cikin aji. Wanda ke da abin cewa daga nesa ya aiko wa magatakarda kafin taron Sallah.

Sarkin Baka ya zo da kan burtun mahaifinsa cikin jaka, ya ce zai ɗaura ya nuna wa yara yadda ake tafiyar bayan an tashi. Kafin nan, Sarkin Noma yana da magana kan ranar buɗe gonaki ga bisashe. Sarkin Noma, bisimilla.